Gwajin jini na iya gano cutar mantuwa?

Tambaya: "Likita, barka da aiki. Mahaifiyarmu tana da shekara 69. Kusan shekara biyu ke nan muna lura da ita: takan yi tambaya a ba ta amsa, an jima kaɗan ta sake yin ta, ta ajiye abu da hannunta ta ce an ɗauke mata, kwanan baya ma ta kasa gane hanyar gidan ƙanwarta, inda ta daɗe tana zuwa. Likitan da ya duba ta ya ce yana zargin cutar Alzaima, har ya kawo maganar ɗibar ruwan bayanta, abin da ya tayar mana da hankali ƙwarai. Sai na ji an ce yanzu akwai gwajin jini da ke gano cutar. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me zai hana a yi mata shi a huta da allurar baya? Ni ma shekarata 44, ina tsoron gado. In je a gwada ni?"

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri kan tsayuwar da kuka yi a kanta. Abu uku kika tambaya: ko gwajin jinin nan gaskiya ne, ko zai iya maye gurbin ɗibar ruwan baya, da kuma ko ya dace mai lafiya irinki ta yi shi.

Gaskiya ne, akwai shi, kuma yana cikin manyan abubuwan da suka faru a fannin nan namu cikin shekaru goman da suka wuce. Sai dai tambayar da yake amsawa ƙarama ce: shin akwai irin ɓarnar da Alzaima ke yi a cikin wannan ƙwaƙwalwar? Iyakarsa ke nan. Maganar ko Mama tana da cutar mantuwa, likita ne ke yanke ta daga labarin da kuka ba shi da gwajin tunanin da ya yi mata. Maganar ko wannan ɓarnar ce ke jawo abin da kuke gani a gida, ita ma sai an haɗa sakamakon da sauran abubuwa. Yawancin ruɗanin da nake gani wajen iyalai daga cakuɗa tambayoyin nan uku yake tasowa.

Cutar mantuwa ba guda ɗaya ba ce

Idan muka ce cutar mantuwa, muna nufin yanayin da tunanin mutum ya ja baya har ya soma hana shi tafiyar da harkokinsa da kansa: lissafin kuɗi, shan magani kan lokaci, gane hanya, kammala aikin da ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke fama da ita a 2021, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Alzaima ce ke da kaso mafi tsoka, tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Saura kuwa akwai wadda lalacewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa, abokiyar tafiyar hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Akwai mantuwar Lewy, 'yar'uwar cutar karkarwar jiki da ake kira Parkinson, mai zuwa da gane-gane da sanyin jiki wajen motsi. Akwai wadda ke cin gaban ƙwaƙwalwa, wadda takan fara da canjin hali ko sarƙewar magana tun kafin mantuwa ta bayyana. A tsofaffi sosai ma sau da yawa biyu ko uku ne ke haɗuwa a kai ɗaya.

A ido duk suna iya kama da juna, musamman a farko. A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar majinyaciyarsa Auguste Deter bayan rasuwarta, ya ga abubuwa biyu a madubin ƙara girma: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Daga nan har kusan ƙarshen ƙarnin, babu hanyar tabbatar da cutar sai ta binciken gawa. Mai rai sai dai a ce "ana kyautata zaton". Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano furotin ɗin da ake kira amiloyid, wanda shi ne ke yin dunƙulen, a 1986 kuma aka tabbatar cewa zaren nan furotin ne mai suna tau. Da aka san sunan abin da ake nema, sai tambaya ta koma: ina za a same shi a jikin mai rai ba tare da an taɓa ƙwaƙwalwa ba?

Ruwan baya

Wuri na farko da aka duba shi ne ruwan da ƙwaƙwalwa da laka ke kwance a ciki. Ruwa ne garau, kimanin mililita 150 a jikin baligi, kuma jiki na ƙera kusan mililita 500 a kullum, wato yana sabunta shi sau uku ko fiye a yini. Tamkar ruwan wanki yake: in kika dube shi kin san irin dauɗar da ke jikin tufar. A tsakanin 1993 da 1995 masu bincike suka nuna cewa a ruwan bayan masu Alzaima tau yana hawa, amiloyid kuma yana sauka.

Saukar amiloyid ɗin takan ba mutane mamaki, tunda an ce taruwa yake yi. Dalilin shi ne amiloyid iri-iri ne. Akwai mai gaɓa 40, akwai mai gaɓa 42, kuma mai 42 ɗin ya fi danƙo. Idan ya soma manne wa juna a cikin ƙwaƙwalwa sai ya maƙale a can, wanda ke gangarowa cikin ruwa ya ragu da kusan rabi. Shi ya sa ake auna mai 42 a kan mai 40, don wani mutum a halittarsa yana ƙera amiloyid da yawa, wani kaɗan. Kwatanta su biyun ke kawar da wannan bambancin. Shi kuwa tau, aikinsa na asali riƙe hanyoyin da ke cikin ƙwayar jijiya ne. A Alzaima sai sinadarin fosfet ya yi ta liƙe masa a wasu gurabe. Mafi tsawon tau yana da gaɓa 441, kuma lambobin da za ki riƙa gani a takardar sakamako, p-tau181 ko p-tau217, suna nuna gaɓar da fosfet ɗin ya liƙe ne.

Tunda allurar ce ta tayar muku da hankali, bari in faɗa miki yadda ake yin ta. Majinyaci yakan kwanta ta gefe ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ko ya zauna ya sunkuya. Likita ya lalubo saman ƙashin ƙugu da yatsa, ya bi layinsa zuwa tsakiyar baya, ya goge wurin, ya yi allurar kashe zafi. Sannan ya shigar da siririyar allura tsakanin ƙashin baya na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar, na yankin ƙugu. Laka a jikin baligi tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na ɗaya zuwa na biyu, saboda haka allurar a ƙasa da ita take shiga. Ruwan yana ɗigowa da kansa, ɗigo-ɗigo, a tari mililita 10 zuwa 15, abin da jiki zai mayar cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Matsalar da aka fi gani ita ce ciwon kai da ke tashi in an miƙe, ya lafa in an kwanta, kuma tsofaffi sun fi matasa tsira daga gare shi. Fargabar cewa tana gurgunta mutum ta fi haɗarin gaske yawa nesa ba kusa ba. Abin da nake dubawa kafin in yarda a yi shi ne ko majinyaci na shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da kuma hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna babu ƙari ko wani abin da ya ƙara matsi a cikin kai.

Wani abu da ba a cika faɗa wa iyalai ba: amiloyid yana manne wa jikin kwalba. In aka tari ruwan a kwalbar da ba ta dace ba, ko aka yi ta juye shi daga wannan zuwa waccan, sai ya ragu tun kafin ya isa na'ura, sakamako ya fito kamar akwai cuta alhali babu. Don haka ake amfani da roba ta musamman. Ingancin gwajin nan ya rataya a kan ɗakin gwajin da zai karɓe shi kamar yadda ya rataya a kan hannun likita.

Akwai kuma wani hoton ƙwaƙwalwa na musamman da ake kira PET, wanda tun 2004 aka nuna yana iya haska amiloyid a ƙwaƙwalwar mai rai. Yana da kyau ƙwarai, amma na'urarsa da sinadarinsa sun sa ba kowane babban asibiti ba ne ma ke da shi.

Abin da ya sa jini ya yi wuya

Kowa ya san jini ya fi sauƙin ɗiba. To me ya sa aka ɗauki kusan shekara 25 bayan ruwan baya? Na farko, akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, abin da ke tsallakowa kaɗan ne ainun. Ana auna shi ne da fikogiram, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram, a cikin ruwan da ke cike maƙil da wasu furotin dubbai. Na biyu, ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke ƙera amiloyid ba, sauran jiki ma na yi. Shi ya sa raguwar da ke kai rabi a ruwan baya, a jini ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Kuskure kaɗan wajen ɗiba ko ajiya ya isa ya shafe wannan tazarar.

An sha yin murna da wuri. A 2007 aka wallafa cewa furotin 18 a jini na iya rarrabe masu Alzaima, a 2014 aka ce wasu sinadaran kitse 10 na iya hasashenta da daidaito kusan kashi 90. Duka biyun sun cika kafafen labarai, duka biyun kuma da wasu suka maimaita a kan wasu mutanen ba su ga haka ba. Ina kawo wannan ne don in kika ga labari gobe cewa an gano cutar a yawu ko hawaye ko fitsari, ki fara tambaya: wasu dabam sun maimaita sun samu? Ana binciken waɗannan ruwayen da gaske, amma babu ko ɗaya da ya kai a dogara da shi a asibiti.

Abin da ya sauya lissafi na'urori ne. Aka samu masu iya ƙirga ƙwayar furotin ɗai-ɗai, da masu rarrabe su ta nauyinsu. A 2018 masu bincike a Japan da Ostireliya suka nuna amiloyid na jini na iya dacewa da hoton PET. A 2020 ƙungiyar Jami'ar Gothenburg ta Suwidin, da Thomas Karikari a gaba, ta fitar da gwajin p-tau181 a jini. A shekarar dai ƙungiyar Oskar Hansson ta Jami'ar Lund ta nuna p-tau217 ya ma fi shi, don hawansa a jinin mai cutar ninki-ninki ne, ba 'yar tazara ba. A cikin wannan aikin sun haɗa da wani babban dangi a yankin Antioquia na Kolambiya da ke gadon cutar, suka ga p-tau217 ya soma hawa kimanin shekara 20 kafin lokacin da ake sa ran alamu su bayyana.

Nazarin da ya fi burge ni shi ne na 2024, a Suwidin, a kan mutum 1,213 da suka je asibiti da kukan mantuwa. Likitocin matakin farko sun dace a kashi 61 cikin 100 wajen cewa Alzaima ce ko ba ita ba. Ƙwararrun fannin sun dace a kashi 73. Gwajin jinin ya dace a kusan kashi 90. Wannan lamba ta 73 ta shafe mu kai tsaye, mu da muke ganin mun iya: kusan mutum ɗaya cikin huɗu muna sa masa sunan cutar da ba tasa ba, ko mu cire masa wadda yake da ita. A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko, Lumipulse na kamfanin Fujirebio, mai kwatanta p-tau217 da amiloyid mai gaɓa 42. Sharaɗin da ta gindaya shi ne a yi wa 'yan shekara 55 zuwa sama waɗanda tuni suke da alamu. A mutum 499 da aka gwada, kusan kashi 92 na waɗanda ya ce suna da amiloyid an tabbatar suna da shi, kashi 97 na waɗanda ya ce ba su da shi kuma an tabbatar babu. Ƙasa da kashi 20 sun faɗa tsakiya, inda gwajin bai ce e ba bai ce a'a ba.

Inda sakamako ke yaudara

Babbar matsalar ita ce amiloyid na taruwa a kan mutane da yawa da tunaninsu ke garau. Wani babban nazari na 2015 ya nuna kimanin kashi 10 cikin 100 na masu lafiyar tunani 'yan shekara 50 suna da shi, adadin kuma yana hawa har kashi 44 a shekara 90. Da yawansu za su cika da hankalinsu. To ki ɗauka tsohuwa 'yar 85 ta zo da mantuwar da ciwon damuwa ya jawo, ko ƙananan jijiyoyin jini, aka gwada jininta ya nuna amiloyid. Gwajin bai yi ƙarya ba, amiloyid ɗin na nan. Amma in likita ya tsaya a nan, ya bar ainihin abin da ke damun ta ba magani. Wannan ne ma ya raba kan masana a 2024: ƙungiyar Alzaima ta Amurka ta ce da zarar alamomin nan sun bayyana cutar ta fara ko da mutum lafiyarsa ƙalau, wata ƙungiyar ƙwararru ta ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Bruno Dubois na Faransa kuma ta ce irin wannan mutumin yana cikin haɗari ne kawai, kada a kira shi majinyaci. Ni ina tare da na biyun. Duk da saɓanin, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan kada a gwada masu lafiya a wajen bincike.

Sai ƙoda. Ita ke tace furotin ɗin nan daga jini, in ta yi rauni sai su taru, sakamako ya hau ba don ƙwaƙwalwa ba. Mai ƙiba sosai kuma jininsa ya fi yawa, sai adadin ya tsinke ya yi ƙasa. Har wani maganin ciwon zuciya mai ɗauke da sacubitril yana karkatar da awon amiloyid a jini. Ban taɓa karanta irin wannan sakamakon ba tare da na ɗora awon ƙoda a gefensa ba.

Akwai kuma batun a kan wa aka tsara ma'aunin. Mafi yawan nazarce-nazarcen nan a kan Turawa aka yi su. A Amurka an ga cewa tau na ruwan baya yakan yi ƙasa a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare masu irin matakin cutar. Dogon nazarin da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis ya nuna ƙwayar gadon nan ta APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar sosai a Turawa, tasirinta ya fi rauni a Yarbawa. Layin da aka ja a Suwidin aka ce daga nan cuta ta fara, sai an gwada shi a kan kowace al'umma kafin a miƙa masa wuya gaba ɗaya.

Sauran cututtukan mantuwa kuwa an bar su a baya. Akwai wani furotin da ake kira NfL, wanda ke zubowa duk lokacin da jijiya ta lalace. Yana hawa a Alzaima, yana hawa a ciwon gaban ƙwaƙwalwa, da shanyewar ɓarin jiki, da buguwar kai, da tsufa kansa. Ba ya faɗar sunan cuta, amma yana da rana: idan mutum ɗan 55 ya canza hali, ana ta kai-kawo tsakanin ciwon damuwa da lalacewar ƙwaƙwalwa, hawansa sosai yana karkatar da mu ga na biyun. Mantuwar Lewy tana da gwaji mai kyau yanzu, wanda ke sa gurɓataccen furotin ɗin cutar ya hayayyafa a cikin kwalba har a gan shi, amma da ruwan baya ake yin sa. Ciwon gaban ƙwaƙwalwa har yau ba shi da nasa na kansa. Ta jijiyoyin jini kuma hoton MRI ne ke nuna ta.

Da Mama a gabana take

Ban ga Mama ba, kuma wasiƙa ba ta isa a sa wa mutum sunan cuta. Abin da kika lissafa, maimaita tambaya da ɓatan hanya a wurin da aka saba, da tafiyar abin a hankali cikin shekara biyu, ya yi kama da Alzaima, don haka zargin likitanku yana kan hanya. Amma ga tsarin da nake bi.

Nakan fara da zama da wanda ke kwana gida ɗaya da majinyaci, shi kaɗai, don gaban uwa 'ya'ya kan rage magana. Sai gwajin tunani. Nakan miƙa takarda in ce a zana mini agogo, a sa lambobinsa, a nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Za ki ga wanda ya yi shekaru yana ɗaura agogo ya tara lambobin duka a gefe guda, ko ya kai dogon hannun kan 10 maimakon 2, ya tsaya yana kallon takardar yana jin akwai abin da ba daidai ba amma ya rasa mene ne. Wanda bai yi karatu ba akwai gwaje-gwajen da suka dace da shi.

Sannan gwajin jinin da ya fi kowanne muhimmanci a wurina, wanda ba sabo ba ne kuma kusan kowane asibiti na yin sa: bitamin B12, aikin tayirod (ƙullin nan na maƙogwaro da ke kumbura ya zama maƙoƙo), suga, gishirin jini, ƙoda da hanta, ƙarancin jini, in da dalili kuma ƙanjamau da tunjere. Waɗannan ne ke tono mantuwar da ake iya gyarawa. Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da 'ya'yansa suka kawo mini sun riga sun yanke cewa Alzaima ce. Na ce a zazzage ledar magungunansa a kan tebur. Sai ga maganin barci, ga na rage yawan fitsari, ga na mura mai sa gyangyaɗi da yake sha kusan kullum, uku duka masu dakushe tunanin tsoho. Ya kuma daɗe a kan metformin saboda suga, wanda kan rage B12, awo kuwa ya nuna ya yi ƙasa. Da aka janye waɗancan a hankali aka cike masa bitamin ɗin, bai koma kamar da ba sarai, amma ya koma karanta jaridarsa yana riƙe abin da ya karanta. Da p-tau217 aka fara yi masa, a shekarunsa yana iya fitowa da amiloyid, a rufe fayil a nan. A duba ji da gani ma, da barci, da yanayin zuciya. Sai hoton ƙwaƙwalwa, don kawar da ƙari, ko taruwar jini bayan faɗuwa, ko taruwar ruwa a kai.

Bayan duk wannan ne gwajin amiloyid da tau ke da gurbi. In ana samun na jini mai inganci inda kuke, kuma ƙodar Mama lafiya, ina ganin daidai ne ki roƙi likita a fara da shi. Ƙa'idar da ƙungiyar Alzaima ta fitar a 2025 ta ce gwajin da ke kama aƙalla kashi 90 na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla kashi 90 na marasa ita, zai iya tsayawa a madadin ruwan baya ko PET a hannun ƙwararre. Ki tambayi sunan gwajin, ki tambaya ko ya kai wannan matakin, don kamfanoni da yawa na sayar da nasu kuma ba ɗaya suke ba. In ya fito ƙasa sosai, da wuya Alzaima ce, sai a nemi dalili a wani wurin. In ya fito sama sosai kuma ya dace da labarin, yawanci ya wadatar. In ya faɗa tsakiya, ko ya saɓa wa abin da likita ke gani, to ruwan baya ne zai raba gardama. Akwai kuma inda ba na tsayawa jiran jini: idan abin na gudu cikin makonni ko 'yan watanni, ko da zazzaɓi, ko farfaɗiya, ko majinyacin yana da ƙuruciya. A nan ana neman kumburi ko ƙwayar cuta ne a ƙwaƙwalwa, kuma ruwan baya ne ya fi nuna su. Ki tambayi likitanku dalilin da ya sa ya kawo maganar. Wataƙila ya ga abin da bai shiga wasiƙarki ba.

Za ki iya cewa, in babu maganin warkewa mene ne amfanin sani? Amfaninsa na farko kauce wa cutarwa. Mai mantuwar Lewy in aka ba shi wasu magungunan kwantar da hankali irin su haloperidol yana iya sandarewa, har ta kai ga rasa rai. Donepezil da ire-irensa suna ɗan taimaka wa masu Alzaima da Lewy, amma ba sa amfanar mai ciwon gaban ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma sukan ƙara masa rikici. Sannan akwai sababbin magungunan da ke share amiloyid, lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 da donanemab a 2024. Ba a ba da su sai an tabbatar da amiloyid, kuma sai a farkon cuta. Kada dai ki ɗora musu buri mai yawa: lecanemab ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18, bai tsayar da ita ba, a gwajin da aka yi ana ƙara shi ne ta jijiya duk mako biyu, kuma yana iya kawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, abin da ke sa a riƙa ɗaukar MRI a kai a kai. In an san babu niyyar bin wannan hanyar, alamun Mama kuma a fili suke, ba laifi ba ne a tsaya ba tare da an yi ko ɗaya daga gwajin biyu ba.

Ke kuma fa?

Shawarata kada ki yi. Bari in nuna miki da lissafi. Ɗauki gwajin da ke dacewa sau 90 cikin 100 ta kowane ɓangare. A gwada mutum 1,000 masu alamu, waɗanda rabinsu ke da amiloyid: zai nuna 450 na gaskiya, ya ɗora wa 50 abin da ba su da shi. Yanzu a gwada mutum 1,000 masu lafiya, waɗanda 100 kacal ke da shi: zai kama 90 na gaskiya, ya kuma tsorata wasu 90 a banza daga cikin 900 da suka rage. Wato rabin waɗanda aka ce suna da shi ba su da shi. A shekarunki ma abin ya fi haka muni, don masu amiloyid ɗin ba su kai haka yawa ba. Ko da kuma ya zama gaskiya, babu mai iya ce miki ga shekarar da zai taɓa ki, ko zai taɓa ki ma, kuma babu maganin da aka amince a ba mai lafiya. Akwai gwaje-gwajen magani da ke gudana a kan irin waɗannan mutanen. In sun yi nasara shawarar za ta canza.

Game da gado, irin Alzaimar da ke bin dangi kai tsaye, kamar ta mutanen Kolambiyan nan, ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma takan bayyana ne tun ana shekara 30 zuwa 50 da wani abu, a ga ta bi kaka da uwa da 'ya'ya. Ta Mama ta soma ne tana wajen 67. Samun uwa mai cutar yana ɗan ƙara miki haɗari, amma bai yanke miki hukunci ba.

Awon da zai amfane ki a shekara 44 shi ne na hawan jini, da suga, da kitsen jini. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya, kuma duk ana iya taɓa su. Cikinsu akwai waɗannan ukun, da shan taba, da ƙiba, da rashin motsa jiki, da raunin ji da na gani da aka bari ba gyara, da ciwon damuwa, da buguwar kai, da kaɗaici. Yawancinsu a tsakiyar rayuwa suke yin aikinsu, wato daidai inda kike yanzu.

Ranar da za ku koma asibiti, ku tafi da duk magungunan da Mama ke sha a cikin kwalayensu, har da waɗanda ba likita ya rubuta ba. Ku rubuta abin da kuka fara lura da shi da lokacin da ya fara, kuma wanda ya fi kowa zama da ita ya kasance cikin masu rakiya.